Turamen Dela

Gwiwa, 3 ga Maris, 1976

Yaya Halliru,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin ɗakin shan magani.

Yaya, bakin Dela ya hana mu sakat. Shekararta biyar, amma turamen haƙoranta huɗu na ƙasa sun yi baƙi ƙirin, sun rarake. Ko ɗumame ta tauna sai ihu. Surukata Inno ta ce tsutsa ce, an yi turare har sau uku, a banza. Yanzu ta ce wanzami zai zo ya fizge su, wai ai haƙoran famfara ne, gobe-gobe wasu za su tsiro. Baban Dela yana Fatakwal, kuma ka san ya ce ko zaure kada in leƙa sai da izininsa.

Ƙanwarka,
Tasalla

Kazaure, 9 ga Maris

Tasalla,

Gaisuwarki ta iso. Kul! Kada ki bari ƙarfen wanzami ya shiga bakin yarinyar nan. Turmi ba kamar haƙorin gaba ba ne, sai yaro ya kai shekara goma ko fiye magajinsa ke fitowa. In aka cire yanzu, na baya za su matso su tare gurbin. A asibitin Kano ana iya cike ramin. Ki kawo ta ran Juma'a, ni zan raka ku. Kuma ki daina ba ta madarar gwangwani mai zaƙin nan, ita ce tsutsar.

Yayanki,
Halliru

Gwiwa, 15 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. "Ki kawo ta," sai ka ce akuya zan kwanto! Na karanta wa Inno takardarka, ta ce 'ya'ya tara ta raina ba malamin asibiti. Na ce to ita ta kai ta, ta ce ba ta shiga mota. Na rubuta wa babanta. Kullum ina bayan ƙofa ina sauraren mai kawo wasiƙa, kuncin Dela kuwa ya kumbura. Wallahi, Yaya, na gaji, ji nake katangar gidan nan ta matse ni. Kai ka zo mana.

Tasalla

Kazaure, 19 ga Maris

Tasalla,

Ƙyanda ta ɓarke a Roni, an tura ni can, ba halin motsi. Ki daure mako ɗaya.

Halliru

Gwiwa, 26 ga Maris

Yaya,

Kada ka wahalar da kanka. Ran Talata wanzami ya zo ya fizge su, ni aka sa na riƙe wa Dela hannu. Ran Laraba takardar babanta ta iso, ya ce a kai ta Kano maza.

Inno ta gaya mata in ƙadangare ya ga giɓin, haƙori ba zai fito ba. Tun ranar ba ta taka tsakar gida ba, tana ƙuryar ɗaki, hannu a baki. Kowace safiya sai ta buɗe mini ta ce, "Duba, ya tsiro?"

Ce mata nake saura kaɗan.

Tasalla