An Yi Wa Ɗana Karama Bai Warke Ba

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana. Ban yi makaranta ba, da murya na turo, a rubuta yadda na faɗa. Mai niyyar zagina ya jira ya ji ƙarshe, don Allah. Na riga shi zagin kaina.

Ni mai shayi ce a kasuwar Gadarif, a Sudan, gefen masu hatsi. Mijina ya rasu tuntuni. Na rasa 'ya'ya biyu a damina ɗaya. Na yanki simsim, wato riɗi, a gonakin Fashaga da tsohon ciki. Ban iya kuka ba, ban iya lallashi ba. Abin da ya rage mini ɗa namiji da ƙanwarsa. Shi ne na fari, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tarar. "Kai" nake ce masa, shi kuma ya ce mini "Yumma". Bai cika ashirin ba.

Yana karatu a Madani yaƙi ya iso can. Ya dawo da riga ɗaya, ya kwanta a rumfar gida, fuska ga zana. Abinci ya taɓa ya ture. Abokai su yi sallama ya ce a ce ba ya nan. Na bar shi har na gaji, na ce, "Kai, tashi. Me ka gani wanda ban gani ba?" Ya ce, "Yumma, na gaji." Na ce, "Gajiyar me? Buhu ka ɗauka?" Ya mayar da fuska ga zana. Ni a ganina na yi tarbiyya ke nan.

Wata rana da azahar gawayi ya ƙare mini, na koma gida ɗauko wani. Na tarar ya nemi kashe kansa. Ba zan faɗi yadda ya yi ba, kada a tambaye ni. Na tare mai raksha, keke mai ƙafa uku, muka kai shi asibiti, Allah ya sa da sauran kwana.

Da ya farfaɗo aka kawo wata likita, yarinya ce, na haife ta. Ta ce in fita tana son magana da shi shi kaɗai. Na ce ni ce uwarsa. Ta ce, "Na sani, Hajja. Ki ba ni shi kaɗan." Na tsaya a ƙofa ina jin muryarsa, magana yake yi ba tsayawa. Yaron da ba ya haɗa mini kalma uku! Bayan nan ta zaunar da ni. Ta ce wannan ciwo ne, yana da magani, kuma lokacin da aka fi jin tsoro shi ne bayan an koma gida. Ta ce in kawo shi duk mako, in kawar da duk abin da zai cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai. Ta ce in riƙa tambayarsa kai tsaye ko tunanin ya dawo, tambaya ba ta sa mutum ya aikata. Na ce, "Ɗan fari ne, ba ma irin wannan maganar." Ta ce, "To ki nemo wanda zai yi. Amma dole wani ya yi."

Unguwa ta cika da tambaya. Me zan ce? In ce ɗana ya so ya kashe kansa? A unguwar da kowa ya san kakan kowa? Wa zai bi shi salla, wa zai nemi ƙanwarsa? Na ce kalazar ce. A nan kowa ya san kalazar, tana ramar da mutum, ana zaryar asibiti a kanta, ba mai mamaki. Shi ma ya rame, aka yarda. Da wannan ƙaryar na riƙa kai shi wurin likitar, kuma wallahi ya fara sauƙi. Ya fara cin abinci. Har ruwa ya ɗebo mini ran nan ban sa shi ba.

Sai yayana ya zo daga Hawata da rago. Ya ce allurar kalazar ai ta isa ta ƙare, yaro ya miƙe, za a yi karama, wato walima, a gode wa Allah. In hana? Da wane dalili? Aka yanka, aka tuƙa tuwon asida, maƙwabta suka cika gida. Aka sa masa farar jallabiya aka zaunar da shi a kan gado, kowa ya shigo ya ce hamdillah alas salama. Wani yana tsokanarsa, "Kalazar ta bar maka ƙashi, ci nama ka rama!" Yana murmushi. Ni ina raba shayi, ina cewa amin.

Mako na gaba muka je asibiti, a bakin ƙofa muka yi kiciɓis da wata maƙwabciya, mai baki. Ta ce, "A'a, ba mun ci rago ba? Ko ciwon ne ya ji ƙanshi ya dawo?" Na ce nawa ne, hawan jini, rakiya ya yi mini. Ta bi mu da kallo har muka shige. Daga ranar ban sake kai shi ba.

Ga laifin nawa. Da ranar zuwa ta zagayo ya yi wanka ya sa takalmi yana jirana. Na ce, "Cire. Likita ta ce ka warke, ba sai ka koma ba." Ya ce, "Ita ta ce?" Na ce ita. Ya ce, "Ba ta ko yi mini sallama ba." Ya cire takalmin. Mutum ɗaya da yake buɗe wa baki, na sa ya ɗauka ta yar da shi. Ta kira wayata na ƙi ɗauka. Da ta matsa na ɗauka na ce ya warke, har karama mun yi. Ta ce, "Hajja, shi ya ce ya warke, ko ke kika ce?" Na kashe wayar.

Yanzu ya koma rumfa. Amma ba irin na da ba, na yanzu ya fi ba ni tsoro. Ya yi sanyi, komai aka ce ya ce to. Littattafansa da ba ya bari a taɓa ya ba ƙanwarsa duka. Ƙwallonsa ya ba yaran maƙwabta. Jiya ina ɗaure kayan shayi ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Yumma, ki yafe mini wahalar da na ba ki." Kun san me na ce? Na ce, "Miƙo mini butar can." Abin da bakina ya iya ke nan.

Ga kuma yayana ya aiko. Yankan simsim ya zo, bayan Juma'a motarsa za ta tafi Fashaga, ya ce yaro ya shirya, aiki zai dawo masa da ƙarfi. Can daji ne, ba asibiti, waya ba ta shiga, ba wanda ya san abin da ke damunsa. In na ce ba zai je ba, yayana zai ce don me, tunda ya warke? Sai in gaya masa ragonsa a kan ƙarya aka yanka. Ba ya riƙe magana, in ya ji, matarsa ta ji, unguwa ta ji.

Surutun mutane na fara daina jin tsoronsa. Na rasa biyu, na san abin da ya fi surutu ciwo. Tun jiya na daina zuwa kasuwa, ina zaune ina gadinsa, kuma ƙafata tana so ta kai shi asibiti gobe da safe. Amma kafin nan sai na dubi idonsa na ce likita ba ta sallame ka ba, ni na yi maka ƙarya. In ya ji uwarsa ce ta raba shi da ita, zai ƙara yarda da wani? Zai ma bi ni? Ko in fara zuwa wurinta ni kaɗai in faɗi abin da na yi, ta kira shi da bakinta? Wa zan bar masa a gida in na fita?

Iyayen da suka taɓa shiga irin wannan, ku gaya mini kalmar da ake fara faɗa. Juma'a ta kusa. Jama'a, me zan yi?