Nan Har Gira Suke Rufe Min

Zuwa ga Mma Barkisu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Mma. Yaya jikin Baba da ciwon sukarin? Yaya mutanen Kumasi, musamman namu na Ayigya Zango?

Albishirinki! Jiya na shiga ɗakin haɗa insulin, allurar nan ta Baba. Ashe wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke samar da maganin, mu namu kiwo ne a manyan tankuna. Silin gashi ɗaya ya faɗa ciki, aikin duk ya tafi bola.

Shi ya sa da farko aka kore ni saboda turaren da kika ba ni. Ko kwalli an hana. Na ɗan yi kuka, amma ya wuce. Tsayuwa ce dai ke kumbura min ƙafa. A aiko min da shito, yajin nan namu, abincin Koriyawan nan salam.

Ki gaya wa Kawu Moro, mai cewa Koriya za ta tuɓe min hijabi: nan da kayan aiki har gira suke rufe min! Ya bar faɗa, ya taya ni addu'a wata rana allurar Baba ta fito daga Kumasi, da hannuna.

'Yarki,
Nuriyya