Fatarin Mahajjaciya

Yaya Zinariya,

Gaisuwa daga Ruwais. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, idon ne ke ɗan yaji. Iƙama dai, takardar izinin zama, shiru.

Na samu ɗinkin kayan wasan kwaikwayo, na alhazan zamanin da masu zuwa a ƙafa. Har fatari irin na Inna na ɗinka da hannu. Lama, jikar Kanawa haifaffiyar Jidda, ita za ta sa, a matsayin mahajjaciyar wasan. Ina gwada mata, ta tambaye ni me mahajjaciya ke aika wa gida da Hausa.

Na ce, "Baɗi ina tafe."

Ta yi ta maimaitawa tana dariya. Yaya, a wasan matar ba ta komawa.

Allah ya sada mu. Ki ce wa Inna baɗi ina tafe.

Ƙanwarki,
Mubina