Baƙin Keken Malam Madu

Nguru, 6 ga Fabrairu, 2023

Ridwanu,

Bayan gaisuwa. Shekara ashirin da shida ke nan tun da ka sa aka sare tsamiyar gidan Baba ba ka tambaye ni ba, har yau halinka na nan. Na dawo daga masallaci na tarar babu baƙin kekena, sai wani siriri jingine a zaure, wanda ake ɗagawa da yatsa biyu. Uwargida Fanne ta ce kai ka aiko direba ya musanya. Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka barina in ƙarasa magana. Likita cewa ya yi in riƙa motsa jiki, in ba haka ba ciwon suga zai kashe mini ƙafafu. Bai ce a raba ni da kekena ba.

Yayanka,
Madu

Gashua, 13 ga Fabrairu

Yaya Malam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Yaya Fanne kuna lafiya. Ka yi haƙuri, da na tambaya na san ba za ka yarda ba. Tsohon keken nan ya yi maka nauyi, shi ke cin gwiwarka. Mu ma'aikatan lafiya abin da muka sani shi ne, ba nauyin ƙarfe ke gyara jiki ba, daɗewa kan feda ne kullum. Da wannan sai ka yi awa guda ba ka gaji ba. Tsohon na ba wani mai kifi ɗan Dagona. Ka hau kawai, safe da yamma.

Ƙaninka mai biyayya,
Ridwanu

Nguru, 20 ga Maris

Ridwanu,

Na gaishe ka. Maganarka daidai ce. Shekara talatin na koyar da kimiyya, ba sai an karanta mini ba. Abin da ba ka duba ba, kekenka ba shi da kariyar ɗora kaya. Da tsohon nake kai geron Fanne injin niƙa, in ɗauko wa awaki ciyawa, in biya kasuwa. Sau uku, sau huɗu a yini, ban taɓa kiransa motsa jiki ba.

Na hau naka. A majalisar bakin tasha Goni Abatcha ya tambaye ni ina za ni, na ce ba ko'ina. Na zagayo, ya sake tambaya. Ya ce, "Malam, in wani abu ne ya ɓace maka, faɗi mu taya ka nema." Aka yi dariya, har da waɗanda na koya wa rubuta sunansu. Kwana uku bayan nan matar maƙwabci ta jawo Fanne gefe tana tambaya ko kaina lafiya. A garin nan dattijo ba ya yawo babu dalili, kai ma ka sani.

Mai walda ya ce alminiyam ne, ba zai iya liƙa masa komai ba. Yanzu ɗan acaɓa ke kai niƙa, ni ina kan tabarma. Tafin ƙafata ya fara yin kamar ba nawa ba. Ka dawo mini da abina.

Madu

Gashua, 2 ga Mayu

Yaya Malam,

Barka da shan ruwa. Da kaina na je Dagona bayan salla. Mutumin ya riga ya yanka shi, ya haɗa amalanken kwandunan kifi da tayoyin. Gwiwa na duba, ban duba mutane ba. Na sa a nemo maka baƙi irinsa mai kariya daga Kano. Don Allah kafin ya iso ka riƙa takawa, ko zuwa ƙarshen layi ne. Ka gafarce ni.

Ƙaninka,
Ridwanu

Nguru, 19 ga Yuni

Ridwanu,

Keken ya iso. Mai kyau ne, Allah ya saka da alheri. Jiya Fanne ta riƙe mini shi a zaure, na gwada sau uku, ƙafar hagu ta ƙi ɗaguwa ta tsallake. Kada ka sake aiko komai. Shekara arba'in ina hawa, wata huɗu na zauna. Ƙafafun sun tafi.

Ka huta lafiya.
Madu