Sai Lucius Zai Tsoma Ni

Alabama, Satumba 1963

Ƙanena Fasto Lucius,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya zaman kurkuku? Allah ya sa sauron can na jin wa'azi.

Nemi wuri ka zauna tukuna. Baba ya ce a tsoma shi a kogi, a yi masa baftisma! Mutumin da tun muna yara yake cewa kogi na kifi ne. Tarin nan ya ci ƙarfinsa, likita ya ce da wuya ya ga Kirsimeti. Na kawo masa Fasto Tolliver, ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan ɗan tsurut ɗin? Ya sake ni ruwa ya tafi da ni? In ba Lucius ba, na fasa."

Don Allah ka yarda a yi belinka.

Yayarka,
Odessa

Yaya Odessa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na karanta, na yi kuka, ban ɓoye ba.

Amma ni da ɗaliban da aka kama mu tare a zanga-zanga mun rantse ba mai karɓar beli sai an cire allunan "Farare Kaɗai" daga garin nan. Daga hannun iyayensu na karɓo su, da wane ido zan fita in bar su? Ki lallashi Baba. Ruwa ɗaya ne, ko hannun wa ya tsoma shi.

Ƙanenki,
Lucius

Lucius,

Ina gaisuwa, amma a gurguje. Na karanta wa Baba, ya ce, "Taurin kai! Ba a ƙasa ya tsinta ba." Da safe ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza, ya ce in raka shi gari. Yana isa bakin kotu ya kafa baki a famfon fararen fata, wanda aka hana mu baƙaƙe sha. Ɗan sanda ya ce, "Kai tsoho, matsa!" Ya ce, "Yaro, ban ƙoshi ba."

Nan take suka kama shi, yana tafe wurinka. Maganinsa na aljihun hagu. Na rasa kuka zan yi ko dariya, ku biyun za ku kashe ni.

Odessa

Yaya,

Ina gaishe ki. Baba ya iso lafiya. A bahon wankin fursunoni muka yi baftismar, ɗalibai na waƙa. Gwiwoyinsa suka ƙi nutsewa, sai da na tsoma shi sau biyu. Ya ɗago yana tari ya ce, "Hannunka da ƙarfi, ɗana."

Kada ki wahalar da kanki da maganar belinsa, ya ce shi ma ya rantse. Ki kawo masa bargo.

Naki har kullum,
Lucius