Kaset ɗin da ke hannun Tankari

Da sunan Allah. Ni Alhaji Maidaji nake wannan rubutu daga gadon asibiti a Guangzhou, zuwa ga 'ya'yana Lukman da Radiyya. Hankalina garau yake, kada wani ya ce zafin ciwo ne.

1. A binne ni nan cikin Musulmi. Kada a wahalar da kowa da jigilar gawa.

2. Shagona na kasuwar Canaan da ke nan garin naku ne bisa rabon shari'a. Lukman, kai ke kusa. Kada ƙanwarka ta riƙa roƙon haƙƙinta ta waya daga Kano.

3. Fayafayen garmahon nan da kuke mini dariya a kansu, duk waƙa ɗaya ce ta wani tsohon fim ɗin kaboyi: wani da fito ya fara, wani da jita, wani an ja shi a hankali. Ku raba wa abokan musuna, su ci gaba da gardamar wanne ne na asali.

4. Wannan ne ya hana ni sukuni. Akwai kaset ɗina a hannun Tankari, abokina mutumin Maraɗi da ke zaune nan garin, kuma muryar mahaifiyarku ce a ciki. Ni na ɗauke shi a gidanmu na Fagge, na kara rikoda a bakin talabijin ana nuna fim ɗin nan, ita tana guga a bayana tana bin waƙar ƙasa-ƙasa. Da Tankari ya ji, ya rantse wani bugu ne na daban mai muryar mace, wanda babu mai irinsa. Har unguwar Liwan ta nan Guangzhou ya kai shi wajen mai sayar da tsofaffin fayafayai, suka wuni suna gwadawa. Ni kuwa ina zan iya cewa matata ce a gaban maza? Na bar kaset ɗin a hannunsa. Ya ce kyauta na ba shi, na ce aro ne, muka daina gaisawa. Ko kwafi ya hana a yi, wai darajarsa za ta zube.

Ƙarshen watan nan zai koma Maraɗi gaba ɗaya, ga laimar garin nan tana cin zaren kaset. Babu muryarta a ko'ina sai nan. Tsoro nake ji, wallahi. Lukman, ka je yau, kada ka jira jana'izata. Ka durƙusa masa, ka faɗa masa abin da na kasa faɗa, ka ce na yafe, shi ma ya yafe mini. In ya ƙi, ka koma gobe.

In ya ba ka, kada ka kunna kai kaɗai. Ka kai Kano, ku zauna tabarma ɗaya ku ji, kuma kada ku bari komai ya raba ku bayana. Allah Ya yi muku albarka, Ya jiƙanta.

Radiyya, kina goye ta rasu, ba ki san muryarta ba. A tsakiyar waƙar za ki ji ta yi shiru. Tankari cewa yake haka mawaƙan suka tsara. Ke ce kika farka, ta je ɗaukar ki.