Kada Ka Taɓa Min Kwamfuta

Injiniyan gida,

Na fita aiki kana barci. Ƙaramar kwamfutata tana kan teburin falo a buɗe, tana sauko da abin da zai sa ta gane firintar ofis. Kada ka taɓa ta, kada ka rufe ta, kuma ka hana Mamanku lulluɓe ta da ƙyallen talabijin, zafi take ɗauka.

Na ji abin da ka ce wa ƙanwarka jiya, wai yau za ka kai kwamfutar wurin mai gyara a mayar min da tsohuwar manhaja, tunda wannan sabuwar ta kyauta da na saka ta fi ƙarfin tsoho. To, ban yarda ba. Tsohuwar sai in kunna ta, in sha shayi, in dawo tana nan tana juyi. Wannan kuwa kafin in gyara zama ta buɗe.

Gaskiya ne jiya na kasa buga takardar kaya a gaban Manaja, har ya ce in aka sake haka zai ba wani kujerata. Ni na sha kunyar, ni kuma zan fitar da kaina. Da asuba na gano inda ake saita firintar, da hannuna, ba wanda ya nuna min.

Da azahar zan dawo in ɗauke ta. Idan allon ya yi baƙi, farin rubutu ya fara gudu, kada ka gyara komai. Ka fita inda Mamanku ba za ta ji ba, ka kira ni ka karanta min a hankali. Ni zan faɗa maka abin da za ka danna.

Babanka